Akwatin Jita Mai Bawul da Wutar Garinmu

  Mutanen Jiwa, ina gaishe ku. Na Gwagwa, na Karmo, na Dei-Dei, gaisuwa ta musamman. Uwargida da ke kicin, maigida da ke ƙofar gida, direban da ya kamo mu a hanya, duk sannunku.

Yau a kan wani akwati zan yi magana. Akwatin da mai kaɗa jita ke ajiyewa a bayansa, ya jona waya, sauti ya fito. Amfilifaya ce da lasifika a haɗe wuri ɗaya. Makaɗa na kiran sa kombo. Amma ba kowane iri nake nufi ba. Mai bawul nake nufi. Wanda in ka leƙa ta bayansa za ka ga 'yan kwalaben gilashi a jere, sun yi ja, suna fitar da zafi.

Na san wani zai ce, haba Malam, duk abin da ke damun ƙasar nan, sai akwatin kiɗa? Ku yi mini haƙuri, ku ba ni aron kunne. A yankin nan namu na Abuja akwai matasan da jita ce sana'arsu. Ranar Asabar suna gidan biki. Ranar Lahadi suna coci. Tsakiyar mako wasu na situdiyo a Kubwa ko cikin gari, suna sa wa mawaƙa kiɗa. Da wannan suke biyan haya. Da wannan suke kai yara makaranta. Ranar da akwatin nan ya yi shiru, akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba. Shi ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci.

Ga abin da na zo faɗa, tun ba mu yi nisa ba. Kayan aiki sai ya dace da garin da zai yi aiki a cikinsa. Sunan da ke jikin akwati ba shi zai yi maka kiɗa ba. Ka saya da kunnenka. Ka saya da sanin wutar garinka. Za ku ji na maimaita wannan, don shi ne jigon maganar.

Mu fara da tambaya. Me ya sa ake son akwatin nan haka?

Dattawan da ke saurare sun san bawul, ko da ba su san jita ba. Ku tuna rediyon da. Wanda in an kunna ba ya magana nan take. Sai an jira ya ɗumama, sannan murya ta taso a hankali. To abin da ke cikin wancan rediyo shi ne a cikin wannan akwati. Wani masani ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro shi a 1904. Ba a jima ba wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya inganta shi har ya iya ƙara wa sauti ƙarfi. Shekaru da dama da shi rediyo da talabijin suka yi aiki. Sai a 1947 aka ƙirƙiro tiransista a Amurka. Ita ƙarama ce. Ba ta fashewa, ba ta cin wuta sosai. Duniya ta koma kanta. Rediyo ya koma na batir, ya shiga aljihu. Aka manta da bawul.

Masu jita ne suka ƙi sakin sa. Kuma suna da hujja. Zan faɗi gaskiyarsu kafin in faɗi tawa. Amfilifaya mai bawul, in ta samu abin da take so, muryarta na da daɗi ƙwarai. Ka taɓa tsirkiya a hankali, ta amsa a hankali. Ka matsa mata, ta yi kauri, ta ɗan dushe, dushewa mai daɗi. Hannun makaɗi take bi. Da irinta aka ɗauki manyan faya-fayan da duniya ta sani. Fender a Amurka, Vox da Marshall a Ingila, duk da bawul suka yi suna. 'Yan ƙungiyar Beatles da Vox suka yi tashe. Saboda haka yaron da ya ƙwallafa rai a kan irin wannan akwati ba wauta ya yi ba. Abu mai kyau ya gani, ya so.

To ina matsalar take? Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona.

Akwai wani matashi a nan Jiwa, ba zan kama sunansa ba. Makaɗi ne na gaske, hannunsa na da zaƙi. Ya daɗe yana tara kuɗi. Ya shiga adashi. Ya sayar da tsohuwar amfilifayarsa mai tiransista, wadda ta yi masa shekaru ba ta taɓa kunyata shi ba. Ya cika da rance. Ya sayo mai bawul, ta hannu, irin wadda ake saukewa daga kwantena. Ranar da ya kawo ta, abokai suka cika ɗakinsa. Ya kunna. Kwalaben suka yi ja. Kowa ya yi tsit. Ya kaɗa.

Sautin ya fito siriri, a bushe. Ya murɗa nan, ya murɗa can. Ya ƙara murya kaɗan, ta fara buɗewa. Ya sake ƙarawa, taga ta fara rawa. Kafin ya kai inda daɗin yake, wata dattijuwa maƙwabciya ta ɗaga labule. Ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, jikata na barci." Ya ce, "Yi haƙuri, Iya." Ya rage. Yana ragewa daɗin ya tafi.

Bai karaya ba. Ya ce a filin biki za ta nuna kanta. Aka je biki, aka tayar da janareta. Tun bai taɓa jita ba akwatin ke ƙugi. Aka fara kiɗa. Ga ganga, ga fiyano, ga mawaƙi a makirufo. Ba a jin sa. Ya ƙure murya. Yanzu ana jin sa, amma sautin ya cakuɗe, tsirkiyoyin sun daina rabuwa. Ana cikin liƙi, fili ya cika, sai wani ƙauri ya tashi. Fitilar gaban akwatin ta mutu. Shiru. Da jona jitarsa kai tsaye a miksar mai sauti ya ƙarasa bikin. Na ga fuskarsa a daren nan. Ba kuɗin kaɗai ne ya dame shi ba. Abin da ya daɗe yana buri ne ya ba shi kunya a bainar jama'a.

Jama'a, ɓacin rai iri biyu ne a labarin nan. Akwai na murya. Akwai na rashin ƙarko. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da murya.

Yawancin matasanmu a waya suka fara jin waɗannan akwatuna, a bidiyon YouTube. Wani ya zauna a ɗaki mai kyau, ya kaɗa, sauti ya fito tas. Abin da ba a nuna maka shi ne hanyar da sautin ya bi kafin ya iso kunnenka. An kafa makirufo mai tsada a bakin lasifika. An lulluɓe bangon ɗakin don kada ƙara ta dawo. An bi da sautin ta kwamfuta, an goge shi, an yi masa kwalliya. Sannan mai kaɗawar ya yi shekara da shekaru yana kaɗawa. Kai kuwa akwatin kaɗai ka saya. Ba ka sayi ɗakin ba. Ba ka sayi makirufon ba. Ba ka sayi hannun mutumin ba.

Bayan wannan, bawul ba ya ba da daɗinsa sai an matsa masa. Haka aka yi shi. Daɗin yana can sama, inda murya ta yi ƙarfi. Ku dubi yadda muke zaune. Jiwa tsohon gari ne, da sarkinsa, tun kafin a yanki Abuja a 1976. Amma yau ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, a gidajen haya, ɗaki jikin ɗaki. Inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, ba za ka kai can saman ba. Ko ƙarama mai wat 15 ta fi ƙarfin ɗaki. A fili kuwa, ga ganga ga fiyano, wannan wat 15 ɗin ba ta isa ba. Ta yi wa ɗaki yawa, ta yi wa fili kaɗan.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda a ganina ya fi duka. Wane irin kiɗa muke yi? Dushewar nan da Turawa ke yabo, don kiɗansu suke yabon ta, kiɗan rok da bulus. Mu kuwa mafi yawan jitar da ake kaɗawa a nan mai tsabta ce. Ku saurari jitar hailaif. Ku saurari ta makosa da ake yi a coci. Ƙwara-ƙwara take fita, da sauri, kowace tsirkiya da muryarta, tana kewaya mawaƙi. Kunnen da ya tashi da kuntigin Ɗanmaraya Jos da gurmin Haruna Uji, kunne ne mai son jin kowane bugu daban. Ƙaramar amfilifaya mai bawul kuwa, in ka ƙure ta, wannan tsabtar take fara ɓatawa. Ke nan abin da aka zuba kuɗi dominsa, shi ne abin da kiɗanmu bai cika buƙata ba.

Kun ji dalilin da ya sa na ce a saya da kunne. Da kunnenka, a irin wurin da za ka yi aiki, da irin kiɗan da kake ci da shi.

To yanzu mu juya kan ƙarko. Nan maganar wuta ta shigo, kuma nan zan ɗan daɗe.

Bawul ba ya aiki sai an ɗumama shi. A cikin kowace kwalba akwai 'yar waya mai yin ja, tana son wuta daidai gwargwado. Sannan akwai taransifoma a cikin akwatin, tana ɗaga wutar bango ta kai bolt 300, wani lokaci 400 ko fiye. Duk lissafin nan an yi shi ne bisa cewa wutar bango za ta tsaya wuri ɗaya. In ta sauka, komai na ciki ya sauka tare da ita. In ta hau, komai ya hau.

Yanzu ku dubi tamu. A ƙa'ida wutar Nijeriya bolt 230 ce. Amma ku da ke saurare kun san yadda take zuwa. Wata rana ta zo rabi, ƙwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar. Wata rana ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ta ƙona caja da talabijin. A 2024 babban layin wutar ƙasa ya durƙushe sau da dama, kowa shaida ne. In wuta ta zo rabi, bawul bai ɗumama sosai ba. Murya ta yi laƙwas, ƙarfinta ya tafi. Makaɗi ya ɗauka akwatin ne ya lalace. In ta zo da yawa, kwalaben su yi zafin da ya wuce kima, ƙarfen cikinsu ya yi jajir, kwanansu ya ragu. Shi ya sa akwati ɗaya zai yi maka daɗi da safe, da yamma ka rantse ba shi ba ne.

Janareta ma bai raba gardama ba. Ƙaramin injin da ake tayarwa a biki, shi ke ɗauke da fitilu, shi ke ɗauke da manyan lasifikoki, wani lokaci har da firjin lemo. Duk sanda firji ya tashi, wuta ta nutse. Duk sanda mai ya kusa ƙarewa, inji ya fara tari, wuta na rawa. Ga soket da yawa ba wayar ƙasa. Wannan na kawo ƙugi. Ya ma wuce ƙugi. Makaɗi na iya jin wuta ta ja shi, in leɓensa ya taɓa makirufo alhali hannunsa na kan tsirkiya. Wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai wani tarko kuma, ina roƙon ku kasa kunne da kyau. Kayan hannu da yawa daga Amurka suke zuwa. Wutar Amurka bolt 120 ce, kusan rabin tamu. Ta Japan ma ba ta kai haka ba. In ka ɗauki akwatin da aka yi don Amurka ka soka a bangon Jiwa, in an yi sa'a fis ne zai tsinke. In ba a yi sa'a ba, taransifoma ce za ta ƙone, ita ce kuwa mai tsadar. Ku karanta rubutun da ke baya kafin ku jona. In 120 aka rubuta, sai da na'urar rage wuta a tsakani.

Ba wuta kaɗai ba. Akwai yanayi. Bawul da kansa zafi yake fitarwa. A kombo da yawa kwalaben a rataye suke, kai ƙasa, zafinsu na hawa cikin kayan da ke samansu. Ku haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano. Dalmar da aka liƙe wayoyi da ita, yau ta buɗe, gobe ta tsuke, har ta tsage. Hunturu ya zo da ƙura, ta shiga maɓallai, ka murɗa ka ji ƙaraf-ƙaraf. Damina ta zo da danshi, ƙafafun kwalaben su yi tsatsa.

Sai hanya. Duk wanda ke bin titin Dei-Dei zuwa Gwagwa zuwa Karmo ya san cunkoso, ya san manyan motocin katako da siminti. Makaɗinmu ba shi da mota. A keke napep yake ɗora kaya. Wani lokaci a bayan babur, yana rungume da shi. Abin da ke cikin akwatin nan gilashi ne, da siraran ƙarafa a cikinsa. Kowane rami sai ya girgiza su. Ko ba a je ko'ina ba ma, a kombo lasifika da kwalabe gida ɗaya suke. Duk bugun da lasifika ta yi, kwalba na ji a jikinta. A hankali cikinta ya saki, ta fara kuka ita kaɗai.

Abin ya yi kama da dokin hawan salla. Kyakkyawa ne, duk wanda ya gan shi sai ya tsaya. Amma yana son mai kula da shi. Yana son dawa da harawa a kan lokaci. Yana son inuwa. In ka sa shi dakon yashi kullum, ba zai kai ko'ina ba. Kuma ba laifin dokin ba ne.

Zan sake faɗa. Kayan aiki sai ya dace da garin da zai yi aiki a cikinsa.

Saura maganar gyara.

Matasanmu da yawa ba wanda ya gaya musu cewa bawul abu ne mai ƙarewa. Ko a Landan yake, yana tsufa, a canza shi. Tambayar ita ce, in ya mutu a Jiwa, ina za ka samo wani? Masana'antun da ke ƙera bawul ɗin jita a duniya yau ba su da yawa. Akwai a Saratov ta ƙasar Rasha. Akwai kamfanin JJ a Sulobakiya. Akwai a Sin. Kusan ke nan. A Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, Rasha ta hana fitar da wasu kayayyaki, har da bawul. Makaɗa a Amurka da Turai suka shiga rububi, farashi ya tashi. Ku duba fa, waɗannan su ne masu shagunan kayan kiɗa a kowane birni. Mu kuma a Yunin 2023 aka saki naira, duk abin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabi. Yaron da kwalba ta mutu masa sai ya aika Legas, ko ya jira mai dawowa daga waje. Makonni su wuce, bukukuwa na wuce shi. Sannan manyan kwalaben ba a cika canza ɗaya a bar ɗaya ba. Bibbiyu ake haɗa su, waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. A wasu akwatunan ma sai an sake saita wutar da ke ratsa su.

Wa zai saita? Nan gizo ke saƙar.

Na raka matashin nan wurin mai gyara. Yaro ne haziƙi. Wayar hannu, inbata, talabijin na bango, duk yana gyarawa. Ya kwance bayan akwatin, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Yallaɓai, gaskiya ban taɓa buɗe irin wannan ba. Ba zan ɓata muku kaya ba." Na ji daɗin gaskiyar nan tasa. Ya kwatanta mana wani dattijo, tsohon mai gyaran rediyo, a wata 'yar rumfa cike da tsofaffin akwatuna. Baba ya sa tabarau. Kafin ya taɓa komai, sai da ya sauke wutar da ta kwanta a ciki, hannunsa ɗaya a bayansa. Ya gano abin da ya ƙone, ya canza, ya sa sabon fis. Sannan ya kunna, ya ɗauki fensir, ya riƙa ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya-ɗaya yana saurare. Ya zo kan wata, lasifika ta amsa da ƙara. Ya ce, "Ɗana, wannan ta gaji, kuma ba ni da irinta. Rabona da ganin sabuwa tun ana kallon talabijin baƙi da fari."

Ku lura da abin da Baba ya fara yi. A cikin akwatin nan akwai ma'ajin wuta mai riƙe ɗaruruwan bolt, ko bayan an zare waya daga bango. Yana iya kisa. Ina roƙon matasa, kada ku kwance shi don kun ga wani ya yi a bidiyo. Kada kuma ku kunna shi lasifika a cire, don taransifomar fitar da sauti na iya ƙonewa.

Ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Leo Fender, wanda sunansa ke jikin akwatunan da ake rububi, mai gyaran rediyo ne. A 1938 ya buɗe shagonsa a Kalifoniya. Bai ma iya kaɗa jita ba. Makaɗa ne ke kawo masa kaya, yana jin kukansu, yana gyarawa, har ya fara ƙera nasa. Ke nan a hannun mai gyara akwatin nan ya tashi, a zamanin da ake sayar da bawul a kanti. Don makaɗan garinsa ya yi shi, da wutar garinsa. Mu akwatin muka ɗauko. Mai gyaran da kantin muka baro a can.

To wani zai tambaya, in babu bawul, ke nan ba za a yi kiɗa mai daraja ba? Mu leƙa arewa, wajen maƙwabtanmu na Nijar.

Agadas gari ne da duniya ta sani da jita a yau. Bombino ɗan yankin ne. Faifansa mai suna Deran ya shiga takarar Grammy a 2019, karo na farko ga ɗan Nijar. Mdou Moctar kuwa, shi ma ɗan Nijar, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke ya yi mata tsirkiya. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. Waƙoƙin suka bazu cikin sahara daga waya zuwa waya. Makaɗan Agadas a gidajen biki suke gogewa, a fili, cikin yashi da ƙura, da janareta da duk akwatin da ya samu. Sai da hannu ya nuna, sannan manyan kaya suka biyo baya. Yau suna hawa manyan dandamali a Turai da Amurka, suna jona duk abin da suka ga dama. Amma ba akwati ne ya kai su can ba.

Ko a can waje ba kowa ne ya miƙa wuya ga bawul ba. B.B. King, gwanin kiɗan bulus na Amurka, ya yi shekaru yana kaɗawa da amfilifaya mai tiransista. Kamfanin Roland na Japan ya fito da Jazz Chorus a 1975, ba kwalba ko ɗaya a cikinta. Har gobe ana neman ta saboda tsabtar murya da ƙarko. Yanzu kuma ga na zamani, masu kwaikwayon muryar bawul da kwamfuta. Wasu da batir suke aiki, wasu a jaka ake sa su. Ban ce sun kamo na asali ta kowace fuska ba. Amma a filin biki, bayan sauti ya bi ta miksa da manyan lasifikoki, mutum nawa ne za su bambance?

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce kowa ya guji bawul ba. Wanda ke da situdiyo, akwatin zai zauna wuri ɗaya, ga sola da inbata mai kyau, ga ɗaki mai sanyi, ga mai gyaran da ya sani, to bismillah. Zai ji daɗin abinsa, mu ma mu ji a faifai. Wanda nake jiye wa shi ne mai akwati ɗaya tilo. Da shi yake ci, da shi yake yawo. Ina kuma jiye wa kwamitin cocin da zai kwashi baikon jama'a ya sayo abin da zai kwanta bayan 'yan watanni, don kawai an ce shi ne mai suna.

In ka riga ka saya, kada ka karaya, akwai abin yi. Kada ka jona shi kai tsaye a bango ko janareta, sa sitabilaiza a tsakani. In an dawo da wuta, dakata ta zauna. In ka kunna, ba shi ɗan lokaci ya ɗumama. In ka gama, bar shi ya huce kafin ka ɗaga. Janye shi daga jikin bango ya sha iska. In ya huce, rufa masa zane saboda ƙura. In fis ya tsinke, sa irinsa daidai. Kada ka naɗa masa waya ko takardar sigari. Fis ɗin nan a madadin taransifoma ya tsinke. In ya sake tsinkewa, akwai dalili, kai wa masani. Kuma duk inda za ka, tafi da abin da za ka koma kansa in ya yi shiru.

Wanda bai saya ba tukuna, tun ran gini ran zane. Tafi da jitarka. Kaɗa kiɗan da kake yi, ba wanda ka ji a bidiyo ba. Gwada a hankali, gwada da ƙarfi. Bar shi ya daɗe yana aiki har ya yi zafi sosai, don wata cutar sai da zafi take fitowa. Tambayi mai kaya, in kwalba ta mutu ina zan samu? Wa ke gyarawa? In ya fara kame-kame, ka samu amsa. Ka saya da kunnenka, ka saya da sanin wutar garinka.

Kafin in sallame ku, ina da roƙo.

'Yan kasuwa masu kayan sauti, ku 'yan uwanmu ne. Yaro in ya zo da kuɗin adashinsa, ku gaya masa gaskiya. Ku ce masa wannan na wutar Amurka ne. Wannan kwalabensa sun tsufa. Wannan ba zai jure yawo ba. Wataƙila ku rasa cinikin ranar, amma zai dawo, ya zo da abokansa.

Ku kuma iyayenmu, tsofaffin masu gyaran rediyo na Jiwa da Gwagwa da Zuba da Suleja, ilimin da ke kanku ya yi ƙaranci a ƙasar nan. Don Allah ku jawo yaro ɗaya ko biyu ku koya musu. Matasa masu gyaran waya, ku je ku durƙusa ku koya. Akwai abinci a ciki.

Duk wanda ya san dattijon da ke gyaran bawul a yankin nan, ya aiko mana saƙo nan tashar, mu sanar da makaɗanmu.